Komawa Hada daga Makka da yaro mai sikila: amsar likita

Wani ɗan'uwa mazaunin Makka ya aiko da tambaya. Haifaffen garin ne, yana aiki a wani kamfani a cikin gari, yana zaune da mahaifiyarsa mai hawan jini da ciwon gwiwa, da maiɗakinsa da yara huɗu. Ɗaya daga cikin yaran, ɗan shekara 6, yana da sikila. Ya ce zafi da cunkoso da tsadar haya sun ishe shi, ga shi ya samu gida mai fili a Hada, can kan dutse a hanyar Ɗa'ifa, a kuɗin da bai kai na gidan da yake ciki ba. Yana tambaya ko tarewa a can zai fi wa iyalinsa lafiya, shi kuma ya riƙa saukowa Makka aiki kullum.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya maka yaran. Na yi aikin likitan iyali a Makka da kuma Ɗa'ifa, saboda haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Da babu yaron nan mai sikila a gidanka, da sai in ce ka auna hanya da aljihunka, ka yi abin da ya fi kwanta maka. Amma da shi a tsakiyar lissafin, ban ba ka shawarar tarewa a Hada ba. Shafa kuwa, wani gari a kan dutse kusa da Ɗa'ifa wanda ya fi Hada bisa, kada ma ka sa ta a rai.

Ba wai ban ga abin da ka gani ba ne. Makka tana cikin kwari, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba. Ɗa'ifa tana wajen mita 1,800, Hada kuma wajen 2,000. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5, ka ga tsakanin ƙofar gidanka na yanzu da wancan gidan akwai tazarar digiri 10 ko 11. Ranar da Makka take digiri 45, can sama mutum na zaune a inuwa yana shan shayi ba tare da gumi ya jiƙa masa riga ba. Masu hali na Makka tun zamanin da a Ɗa'ifa suke cinye bazara, gwamnati ma a da takan koma can lokacin zafi, kuma a can Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. Zafin Makka kuma ba abin rainawa ba ne. A aikin Hajjin 2024 ma'auni ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana babu inuwa. A kan dutse yara za su yi wasa a waje da la'asar, kuɗin wuta zai ragu tunda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba zai kwana ya yini yana aiki ba, sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, wanda muke fama da shi a Makka da Jidda, ba ya samun sakewa a can kamar yadda yake samu a ƙasa. Ga rumman da inabi da ɓaure, ga ƙamshin furen wardi a watan Maris da Afrilu lokacin da ake tsinkarsa da sassafe. Duk wannan gaskiya ne.

Abin da ido ba ya gani shi ne iskar. Kason oksijin da ke cikin iska ɗaya ne a ko'ina, kashi 21 cikin 100, a Makka da Hada duka. Abin da ke sauyawa shi ne nauyin iskar. A tsayin mita 2,000 nauyinta ya ragu zuwa kusan kashi 80 cikin 100 na abin da yake a bakin teku, don haka kowane numfashi yana shigar da oksijin ƙasa da wanda jiki ya saba da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mai lafiya ba ya ma lura, in ban da ɗan haki idan ya hau bene, ko barci marar nauyi a kwanakin farko. Idan ka maƙala masa 'yar na'urar nan ta yatsa, za ka ga 98 ɗinsa ta Makka ta koma 94 ko 95. Cikin makonni jikinsa zai ƙara yawan jini ya daidaita.

Jinin mai sikila ba haka yake ba. Duk lokacin da oksijin ya yi ƙasa, ƙwayoyin jininsa na ja sukan lanƙwashe su yi tauri kamar lauje, su maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi yake tasowa, wanda ka riga ka san yadda yake hana gidan duka barci. Abubuwan da muka fi gargaɗin iyaye a kansu huɗu ne: ƙarancin oksijin, sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, da kamuwa da wata cuta mai sa zazzaɓi. To dutse ya haɗa uku daga ciki a wuri ɗaya. Oksijin ya ragu. Sanyin hunturu a Hada da dare yana sauka ƙasa da digiri 10, ga iska mai kaɗawa. Sannan iskar sama busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi, kuma da yake babu zafi yaro ba ya jin ƙishirwa, uwa ma ba ta tuna ta bi shi da gora kamar yadda take yi a Makka. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi yaudarar mutane. A zafi kowa na shan ruwa ba sai an ce masa ba, a sanyi kuwa sai yaro ya yini bai sha kofi uku ba. An taɓa kwatanta masu sikila mazauna tsaunukan Asir a kudancin ƙasar nan ta Saudiyya da takwarorinsu mazauna ƙasa-ƙasa, aka samu na kan dutse sun fi yawan tashin ciwo. Abin da muke gani a asibiti bai saɓa wa haka ba.

Ciwon ƙashi ma ba shi ne babban tsorona ba. Akwai toshewar ƙirji, inda jini ke maƙalewa a huhu, yaro ya fara zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama. Wannan yana daga cikin manyan abubuwan da ke ɗauke masu sikila, kuma yana taɓarɓarewa cikin sa'o'i. Yaron da huhunsa ya fara toshewa a inda oksijin ya riga ya yi ƙaranci ya fara daga baya ke nan. Akwai kumburin saifa na farat ɗaya ga ƙananan yara, inda jini ke taruwa a cikinta, ciki ya kumbura ta hagu, leɓe da tafin hannu su yi fari fat. Akwai shanyewar ɓarin jiki, wadda ta fi samun yara masu SS a irin shekarun ɗanka, shi ya sa ake yi musu hoton jijiyoyin kai duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. A duk waɗannan, tazarar da ke tsakanin gadon yaro da ɗakin gaggawa ita ce magana. Zazzaɓin da ya kai digiri 38.5 ga mai sikila ba na a ba shi farasitamol a jira safiya ba ne, na asibiti ne a wannan daren.

Za ka ce ai akwai babban asibiti a Hada. Akwai, amma na sojoji ne, don su da iyalansu aka gina shi. Ko sun karɓi yaro a halin gaggawa, ganin likitan jini wata-wata da gwaje-gwajen da ke tafiya da maganin haidiroksiyuriya, mai rage tashin ciwon sikila, ba a can za ku riƙa yi ba. Sai kun shiga cikin Ɗa'ifa, tafiyar kilomita 20, kuma sai ka tabbatar inshorar da kamfaninku ya yi muku ta haɗa da asibitin da za ku je. Sannan ga wani abu da iyaye ba su cika sani ba. Yaron da aka sha yi wa ƙarin jini, jikinsa kan fara ƙin wasu nau'o'in jinin, har ya zama ba kowace leda ce za ta dace da shi ba ko da rukunin ya zo ɗaya. Asibitin da ke riƙe da fayil ɗinsa ya san wannan tarihin. Jinin da ya fi dacewa da 'ya'yanmu kuma sau da yawa daga jikin mutanenmu yake fitowa, masu asali ɗaya da mu. A Makka, in aka ce ana neman jini, kafin ka gama waya samarin unguwannin Shari'u Mansur da Misfala sun cika harabar asibiti. Wannan dukiya ce, kada ka bar ta da sauƙi.

Tunda kun haifi mai sikila, kai da maiɗakinka kowannenku yana ɗauke da ƙwayar, kuma akwai yiwuwar wasu daga cikin sauran yaran AS ne. A cikin mutanenmu na Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu haka yake, a nan Saudiyya kuma tun 2004 gwajin ya zama dole kafin ɗaurin aure. Mai AS lafiyayye ne, dubbai irinsa suna zaune a kan duwatsu ba abin da ya same su. Sai dai an san cewa wani lokaci, in ya hau sama ya yi aikin ƙarfi nan take ba tare da ya huta ya sha ruwa ba, wani ɓangare na saifarsa kan toshe. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani sa'in har kafaɗa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ka san shi, kuma in ba a gwada sauran yaran ba, a gwada su.

Maganar Hajiya ta fi sauƙi ta fuskar jiki. Hawan jini kan ɗan ƙaru a sama, musamman a makonnin farko da lokacin sanyi, amma in tana shan maganinta ana aunawa, ba abin da zai hana ta zama a mita 2,000. Inda zan ce a dakata shi ne in tana da raunin zuciya, ko ciwon huhu na dindindin, ko ƙafafunta na kumbura, ko tana haki in ta kwanta. Ciwon gwiwa kuwa sanyi da tudu ba sa yi masa daɗi, gidajen Hada kuma kusan duk a kan gangare suke. Ka kuma riƙe cewa maganin narkar da gudan jini na mai shanyewar ɓarin jiki yana da wa'adin awa 4 da rabi daga fara alama, kuma ana cinye wa'adin ne a hanya da wajen hoto.

Abin da ya fi damuna game da ita ba a auna shi da na'ura. Tsohuwar da ta rayu a Makka, rayuwarta a ɗaure take da maƙwabta, da gidan suna da gidan biki da gidan gaisuwa, da mai kawo mata fura da mai zuwa su yi hira da Hausa, da sanin cewa duk ranar da ta ji ƙarfi jika zai tura ta a keke zuwa Harami. Ka ɗauke ta ka kai ta gida mai fili da bishiyoyi, kai ka fita tun asuba sai bayan isha, yara suna makaranta, maƙwabta rabinsu ba sa zuwa sai bazara. Na ga tsofaffi da yawa da 'ya'yansu suka kai su wuri mai kyau da kyakkyawar niyya, cikin 'yan watanni abinci ya fita ransu, barci ya ƙaurace, magana ta ragu, a kawo su asibiti a yi duk gwaji ba a ga komai ba. Kaɗaici ciwo ne. Ka tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban yara ba, kuma ka saurari abin da ba ta faɗa ba, don uwa takan ce "duk yadda ka yi daidai ne" alhali zuciyarta na wani wuri. Haka ma maiɗakinka, wadda ita ce za ta kasance da yaron nan a sa'o'in da kake ƙasan dutse. In ciwo ya tashi da azahar, tana tuƙi? Akwai mota ta biyu? Wa za ta bar wa sauran yaran?

Sai hanya. Daga Hada zuwa cikin Makka kimanin kilomita 65 zuwa 70 ne, zuwa da dawowa kusan 135. A kwana 22 na aiki ka doshi kilomita 3,000 a wata. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, a farashin riyal 2.18, za ta ci maka sama da riyal 500 na fetur kaɗai, ban da taya da birki da juyen mai, waɗanda hawa da gangara ke cinyewa da wuri. Ka cire wannan daga rarar kuɗin hayan, ka ga abin da ya saura. Hanyar dutsen Kara, wadda ke gangarowa daga Hada zuwa Makka, an gina ta da kyau, amma kwana ce bisa kwana, kuma in hadari ya taso ko hazo ya sauko har ba ka ganin motar gabanka, jami'an hanya sukan rufe ta saboda faɗowar duwatsu. A farkon 2025 ma an rufe ta na makonni domin gyara. Ranar da aka rufe, mazaunin Hada sai ya koma baya ta Ɗa'ifa ya kama hanyar Sail, tafiyar ta ninka. Ni a matsayina na likita, mutumin da ke gangaro wannan dutsen kullum da barci a idonsa, ya hau shi da dare a gajiye, shi ma majinyaci ne da nake jin tsoron a kawo mini. In ka bi ta, ka riƙa saukowa da ƙaramar giya maimakon taka birki har ya yi zafi, kuma kada yara su buɗe gilashi su miƙa wa biran da ke bakin hanya abinci, suna cizo.

Lokacin Hajji kuma shingayen bincike suna kan hanyarka safe da yamma. Ana hana mai igama, wato baƙo mai takardar zama, shiga Makka na tsawon makonni sai wanda igamarsa ta Makka ce ko yake da tasrihi, wato takardar izinin aiki a can, sharuɗɗan kuma ana sabunta su duk shekara, don haka ka tabbatar da matsayinka a ofishin jawazat, wato hukumar shige da fice, kafin ka sauya adireshi. Ta fuskar ibada, miƙatin Wadi Muhrim yana nan a Hada. Malamanmu na Malikiyya tun da can sun yi rangwamen shiga ba harama ga masu yawan kai-komo, irin masu kawo 'ya'yan itace da itacen wuta daga Ɗa'ifa, amma hukuncin umararka da hadayarka zai sauya in ka daina zama mazaunin Makka. Wannan ka zauna da malaminka.

Ina zaton a bazara ka ga gidan. Kowa ya ga Hada a watan Yuli sai ya so ta. Ka koma a Janairu ka kwana. Yawancin gidajen an gina su ne don masu zuwa hutu, ba su da abin ɗumama ɗaki, shaguna da dama sukan rufe in baƙi sun watse. Ka tambayi maƙwabta ko ruwa na zuwa ta famfo ko sai an sayi tanka. Ka tabbatar an rubuta yarjejeniyar shekara cikakkiya a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, don kada bazara ta zo mai gida ya ga masu biyan kuɗin kwana-kwana ya sauya magana. Abu ɗaya kuma da nake roƙon duk wanda zai kwana a kan dutse: kada a shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Gubar da yake fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri da jin barci, kuma duk hunturu sai ta kashe mutane a ƙasar nan, wani lokaci gida guda. Ga mai sikila, ko kaɗan daga cikinta ya yi yawa. Haka nonon raƙumi ko na akuya da ake sayarwa ɗanye a bakin hanya, a tafasa shi kafin a sha, saboda zazzaɓin Malta, cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nono. Uwargida ma za ta ga wake da ganda sun ƙi nuna da wuri, don ruwa a can yana tafasa ne a wajen digiri 93, sai da tukunyar matsi.

Shawarata ita ce ka magance abin da ya dame ka ba tare da ka bar garin ba. In haya da cunkoso ne, ka duba unguwannin gefe irin su Shara'i da Awali, inda gidaje suka fi yalwa fiye da kewayen Harami, asibitin yaron kuma yana nan kusa. In zafi ne, ka nemi gidan da ba na saman bene na ƙarshe ba, a wanke mukayyif kafin bazara, a sa labule mai kauri ta ɓangaren yamma. Kada kuma a ƙure sanyin a ɗakin yaron, don fita daga zafin 45 zuwa ɗaki mai 18 shi ma yana tayar da ciwo. Ku bar shi a 24 ko 25.

Dutsen kuma ku riƙa zuwa masa ziyara. Kafin tafiyar farko ka kai yaron wurin likitan jininsa, a auna oksijin ɗinsa da yawan jininsa yana lafiya, domin ku san inda ya saba tsayawa. In likitan ya amince, ku fara da yini ɗaya a lokacin ɗumi, ba kwana. Ku tafi da ruwa mai yawa a riƙa ba shi ko bai nema ba, da rigar sanyi ko da rana ake, da magungunansa, da takardar da ke bayanin ciwonsa da rukunin jininsa, da na'urar yatsa. Kada ya yi guje-guje a sa'o'in farko, kada ya shiga ruwan sanyi. In ya ce ƙirji ko ciki ko baya na ciwo, ko numfashi ya sauya, ko na'urar ta nuna ya sauka da maki 3 ko fiye daga inda ya saba, ku nufi asibiti mafi kusa, kada ku tsaya cewa sai kun gangara gida. Lambar motar asibiti 997 ce, 911 ma tana aiki a yankin Makka, 937 kuma ta neman shawarar likita ce ta waya.

In kuma wata larura ta sa dole sai kun hau, to cikin garin Ɗa'ifa ya fi Hada, ba don iskar ta fi kauri sosai ba, tazarar tsayin kaɗan ce, sai don manyan asibitoci da ma'ajiyar jini da makarantu suna kusa, kuma akwai 'yan'uwanmu Hausawa da za ku shiga cikinsu. A wannan halin a fara mayar da fayil ɗin yaron wurin likitan jini na can, a ga juna da shi, a san ƙofar da za a shiga da dare, sannan a ɗauko kaya. Ku tare a farkon bazara domin jikinsa ya saba kafin sanyi ya shigo, a yi masa allurar mura ta shekara a kan lokaci, kuma kada ka saki gidan Makka sai kun ga yadda hunturun farko ya kasance da shi.